Huhun Damo

Ni 'yar fari ce, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In na faɗa wa jikokina haka sai su zaro ido, su ɗauka mugun mutum ne. Ko kusa. Kunya ce irin ta mutanen da. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban jama'a, ba a nuna an damu da shi ko da ciki yana ƙuna. Inna ma haka take, har ta fi Baba tsanani. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, a kusurwar gidanmu ta gabas, na zama tata. Abin da ta yanke a kaina ya yanku, iyayena nasu ido ne kawai.

A Gure muke, a gindin duwatsu, cikin shekarun alif ɗari tara da talatin da 'yan kai. Baba majemi ne. Fatar akuya da ta tunkiya ya tashi yana jima, amma a shekarun nan fataken Damagaram suka shiga neman fatar damo ruwa a jallo, wai matan Turawa ke yin takalma da ita can ƙasarsu. Ranar da Kaka ta ji haka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe talauci bai bar kowa ba, tunda matar kumandan, Baturen mulki, ta koma taka damo. Baba kuwa ya san damo tun yana saurayi, shi ke jeme wa masu goge fatar da suke rufe ƙwaryarsu da ita, don haka aikin ya same shi har gida. Maharba da makiyaya su kawo masa da rai, ya yanka, ya feɗe, a ci naman, fatar kuma ya kafe ta da tsinke a inuwa.

Ni kuma fuka gare ni. Wanda bai taɓa yi ba, ba zai gane ba. Iska na nan ko'ina, kaza na shaƙa, jaki na shaƙa, kai kaɗai aka yi wa rowa. Ƙirjina ya riƙa kuka kamar 'yar kyanwa, in jawo numfashi da ƙyar, fitar da shi kuma ya fi wuya. Ta fi kama ni bayan girbi, lokacin sussuka, in ƙaiƙayin gero ya cika gari.

Kaka tana da maganinta. Babarbariya ce ta wajen Bune, doguwa, mai ƙarfin hannu, wadda in ta ɗaure bakin taiki sai an sa wuƙa. A ganinta fuka buɗewar ƙirji ce. "Sai bango ya tsage kadangare ke samun wurin shiga," in ji ta. Ƙirjin yaro ya buɗe, muguwar iska ta shiga, magani shi ne a rufe. Sai ta narka man shanu da citta, ta shafe ni tun daga hammata har cibiya, sannan ta ɗauko wani dogon ƙyallen saƙi mai faɗin tafin hannu, ta naɗe ni da shi zagaye bayan zagaye, tana ja tana bismillah.

Da ƙyallen nan ta ɗaure 'ya'yanta biyu, ƙannen Baba, mace da namiji, waɗanda ciwon ƙirji ya ɗauke tun ba su yi wayo ba. Takan ba ni labarinsu in tana tsefe mini kai. "Laifina ne," takan ce. "Na ga sun lafa, na ce sauƙi ya samu, na sassauta musu. Kafin rana ta faɗi sun tafi. Ke kam ba zan sassauta ba." Tana faɗa tana shafa kumatuna. Ina son matar nan fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ina tsoron ƙyallenta fiye da maciji. In ta ɗaure ni sai in ji kamar an zauna mini a ƙirji, amma ban taɓa gaya mata ba. Na ɗauka haka magani yake, ai ba a shan maɗaci a nemi zaƙi.

Baba yana lura. Na san yana lura, domin duk ranar da aka ɗaure ni mantuwa ke kama shi. Ya dawo daga majema ya ce wuƙa ya bari, an jima ya dawo ya ce bagaruwa, an jima kuma ya rasa abin da zai ce. Ba ya kallon ɗakin Kaka. Sai ya tsaya bakin randa ya daɗe yana shan ruwan da ba ya jin ƙishinsa, kunnensa na wajenmu. Abin ya zame masa kadangaren bakin tulu. In ya yi magana ya karya kunya, ya kuma nuna uwarsa ba ta iya riƙo ba. In ya yi shiru 'yarsa na shan wuya.

Sai ya samo hanya. Ina da ƙane ɗan shekara uku a lokacin, wanda bai san komai ba sai ci da majina. Duk maganar da Baba ke so ta iso kunnena, shi yake gaya wa. Yaron nan ya sha karatun da bai nema ba.

Wata rana da hantsi na biye wa 'yan matan unguwa muka yi tsere daga rijiya, ina so in nuna musu ni ma mutum ce. Na shigo gida na zube a gindin katanga ina haki. Kaka ta tafi barka. Baba yana zaune bakin zaure yana wasa wuƙa, bai ko ɗago ba. Can sai ya jawo ƙanena ya ɗora shi a cinya, ya nuna masa wani jangwada a kan katanga, daidai saman kaina.

"Kai, dubi wancan," ya ce masa. "Ka taɓa ganin kadangare ya yi dogon gudu? Ba ya yi. Ya ruga, ya tsaya. Ya ruga, ya tsaya. Mutane na cewa girman kai ne, wai yana duba wa ke kallonsa. Bar kallon kansa, kalli awazarsa."

Ƙanena yana tsotsar yatsa. Ni ce na kalla. Awazar kadangaren tana buɗewa tana rufewa, da sauri da farko, daga baya a hankali.

"Naman gefen jikinsa da ke lanƙwasa shi hagu da dama in yana gudu, shi ne dai ke buɗe masa haƙarƙari ya ja iska. Ma'aikaci ɗaya, aiki biyu. In yana gudu ba ya samun numfashin kirki, dole ya tsaya ya cika ƙirji. Kuma ba ya jin kunyar tsayawa. Duk wanda ya san ƙirjinsa ƙarami ne, in dai yana da hankali, haka yake tafiya."

Ya sauke yaron ya koma wasa wuƙarsa. Tun daga ranar nake tafiyar kadangare. Tsakanin rijiya da gida na sa wa kaina wuraren tsayawa, gindin aduwa, bakin masallaci, sai turken jakin maƙwabtanmu. 'Yan mata suka yi mini dariya kwana biyu suka gaji.

Amma ƙyallen Kaka ya fi ƙarfin saƙon da ake aikawa ta kunnen yaro. Wannan sai da wani makiyayi ya yi kuskure.

Damina ta wuce, an fara girbi, damo ya yi ƙiba yana shirin shiga rami. Wani Bafillace daga wajen Alakos ya ji labarin ana neman damo a Gure, shi kuwa bai taɓa kamawa don kai wa kowa ba. Ya zo da guda uku a kan takarkarinsa, ya ɗaure su yadda ake ɗaure itace, igiyar kaba zagaye da tsakiyar jiki, an ja an tamke don kada su tsere. Biyu suka mutu a hanya. Na ukun igiyarsa ta zame ta koma ƙugu, shi ne ya iso da rai yana huci.

A majema ya kamata a yi wannan magana, can bayan gari. Baba bai taɓa kawo aikinsa gida ba saboda wari. Ranar kuwa sai ga shi ya jawo mutumin har zaurenmu, kuma muna jin muryarsa daga tsakar gida, shi da ba ya ɗaga murya.

"Ba laifinka ba ne, ɗan'uwa, ba ka sani ba. Damo ba a ɗaure masa ciki. Ƙafafu ake juyawa a ɗaure su bisa gadon baya, a kame baki, a bar awaza sake. A haka sai ya yi kwana da kwanaki bai mutu ba, ai sarkin haƙuri ne. Amma in ka tamke masa haƙarƙari ka shaƙe shi ke nan, ko ba ka taɓa wuyansa ba."

Da baƙon ya tafi, Baba ya shigo da damon mai rai har tsakar gida, ya shimfiɗa tsohuwar tabarma taku kaɗan daga inda Kaka ke kaɗi. Kwanana biyu ke nan a cikin ƙyalle, ina jingine da bango kusa da ita.

"Me ya kawo wannan abu gidana?" in ji Kaka.

"Yaron nan zan nuna wa aiki, Iya."

"Yaron da bai iya ɗaura wando ba?"

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ya yi bismillah ya yanka. Da jikin ya daina motsi, ya fito da gindin gashin zabo wanda ya yanke ya zama ɗan bututu, ya sa a maƙogwaron, ya hura. Damon da ya mutu ya kumbura, haƙarƙarinsa ya buɗe kamar mai rai. Ƙanena ya ƙwalla ƙara ya ruga ya ɓuya bayan Inna, ya bar Baba yana yi wa tabarma bayani. Bai fasa ba.

"Ka gani ko," ya ce wa gurbin da yaron ya tashi. Ya cire baki, iskar ta fita da kanta, awazar ta kwanta. Sai ya ɗauki igiyar kabar makiyayin ya zagaya tsakiyar damon, ya ja, ya sake hurawa. Kumatunsa suka cika, jijiyar wuyansa ta tashi, awazar ko motsi. Ɗan wajen wuya ne kawai ya ɗaga kaɗan.

Sannan ya kwance igiyar, ya feɗe, ya tsaga cikin a hankali, ya kawar da hanta da kitse gefe. Ban san lokacin da na matso ba. Na sha ganin huhun rago da layya, curi guda mai taushi kamar soso. Na damo daban ne. Guda biyu ne dogaye, kwance manne da gadon baya, ja-ja masu haske. Da Baba ya hura suka tashi, sai na ga ɗakuna a ciki birjik. Na wajen gaba ƙanana ne a matse kamar saƙar zuma, na wajen baya kuwa manya ne, fatarsu siririya har ana hango yatsansa ta cikinta. Abin ya yi mini kyau ƙwarai. Ban zaci akwai irin wannan kyau a cikin dabbar da yara ke jifa ba.

"Na kadangare bai kai wannan ba," in ji shi. "'Yar jaka ce, ɗaki ɗaya ko biyu, shi ya sa yake saurin gajiya. Damo gidansa ɗakuna da yawa. Kuma yana da dabara. In yana tafiya awaza ta shagala da tafiyar, sai ya cika maƙoshi da iska ya tura ta ciki, kamar zugazugin maƙeri. Amma dubi nan." Ya sa yatsa a ƙasan huhun. "Rago yana da faifan nama a nan, tsakanin ƙirji da ciki, shi ke jawo masa iska ko haƙarƙari bai motsa sosai ba. Damo ba shi da shi, sai 'yar fata da ba ta ja. Huhu kuwa ba ya buɗe kansa. Sai an buɗe masa wuri sannan iska ta shiga. In haƙarƙari ya buɗe ya samu, in an hana shi ke nan."

Kaka ba ta daina kaɗi ba, mazarinta na ta juyawa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka yi dominsa ma ya sani.

"Jikata ba damo ba ce," ta ce.

"Haka ne, Iya."

"Mutum ce. Tana da wannan faifan naka."

"Tana da shi. Sai dai mai fuka faifan ba ya isarsa, sai ya haɗa da haƙarƙari da kafaɗa duka. Haka na lura."

"A ina ka lura? Kai da ba ka kallonta?"

Baba ya sunkuyar da kai. Inna tana bakin murhu, ta juya mana baya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

"Majemi na haifa, ban haifi lokotoro mai duba marasa lafiya ba," in ji Kaka. "Kwashe ƙazantarka."

Ya kwashe. Da yamma ta ci naman damon ta ce ya yi daɗi, kuma kafin magariba ta ƙara wa ƙyallena zagaye ɗaya. Babu ƙeta a ciki. Maganarsa ce ta tsorata ta, ita kuwa in ta tsorata abin da hannunta ya sani shi ne ja.

Kwana huɗu bayan haka aka yi sussuka a gidan maƙwabta, iska ta kwaso ƙaiƙayin ta juye mana. Da azahar abin ya taso mini irin yadda bai taɓa ba. Kaka ta shigar da ni ɗaki ta kwantar, ta kwance ƙyallen, ta sake shafa mai, ta sake naɗawa, har da sa gwiwa ta ja. Ina jin ta tana addu'a da Barbarci, harshen da take komawa in abu ya kai mata karo. Kukan kyanwar da ke ƙirjina ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ita ta ɗauka sauƙi ne. Ni na san iskar ce ba ta kai ta yi kuka ba. Rufin ɗakin ya fara yi mini nisa, gefen idona ya yi duhu. Na so in ce mata ta kwance, amma babu iskar da zan yi maganar da ita.

Baba yana bakin randa yadda ya saba. Inna ce ta gaya mini bayan shekaru, ta ce da kukan ya ɗauke sai moɗa ta suɓuce daga hannunsa. Ya san shirun nan. Damon da aka tamke yakan yi ta huci, sannan ya yi shiru.

Abin da na gani shi ne ƙofa ta yi duhu, mutum ya sunkuyo ya shigo ba sallama. Tun da aka kawo ni ɗakin nan bai taɓa shigowa ina ciki ba. Ya durƙusa gaban uwarsa gwiwa biyu.

"Iya, ki ba ni aronta. Daga nan zuwa la'asar. In ban yi daidai ba ki ɗaure ta, ki ɗaure ni."

"Ta lafa. Yanzu ne ba a sassautawa, ni na sani."

"Dubi leɓenta, Iya."

Kaka ta duba. Ban san abin da ta gani ba, na dai ga fuskarta ta sauya. Ta kai hannu ga ƙullin, ƙullin kuwa nata ne, ya ƙi. Baba ya zaro wuƙar fiɗa daga kube, ya juya ta, ya miƙa mata ta ƙota. Ita ta yanka.

Ya ɗauke ni ya fita da ni bayan ɗaki, inda katanga ta tare ƙaiƙayin. Ya zaunar da ni, ya karkato ni gaba, ya ɗora hannuwana a kan wani turmi da aka kifa. Sannan ya zauna a bayana ya sa tafukansa biyu a awazata. Hannun majemi ne, kaushi kamar ɓawon itace, baƙi ƙirin da bagaruwa, da warin nan da wanki ba ya fitarwa. Bai matsa ba, ɗorawa kawai ya yi.

"Ke," ya ce.

Ko "ke" ɗin nan ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da ina da numfashi da na yi kuka.

"Ke, tsaya. Ba gudu kike ba, kin iso katanga. Buɗe nan, ture hannuna waje. Yawwa. Yanzu saki a hankali, kamar kina hura kunu. Kada ki kore ta, bar ta ta fita da kanta."

Na tura. Da farko ko kaurin tsinke ban motsa hannun ba. Ya ce in sake, na sake. Kukan kyanwa ya dawo, na ji Baba ya sauke ajiyar zuciya a bayan wuyana, kamar wanda aka yi wa albishir. Muka yi ta yi. Inna ta kawo ruwan ɗumi ta ajiye, ta koma nesa ta tsaya da hannu a baki. A kan katangar da ke gabanmu akwai wata 'yar kadangaruwa toka-toka, ta tsaya tana buɗe awaza tana rufewa. Baba ya ce in bi ta.

Na bi na bi, can na ce, "Ta fi ni sauri."

Kalma huɗu ne, sai da na huta sau biyu kafin in gama su. Baba ya yi dariya, irin dariyar da ke fita ta hanci, na ji ta a tafukansa.

Ban ce ƙyallen ne kaɗai ciwon ba, ban kuma ce hannun Baba magani ba ne. Daga baya na yi shekaru ina aikin ungozoma a gidan likita a Damagaram, na ga masu fuka da aka yi wa komai suka tafi. Kwanana ne ke gaba. Amma na san iskar farko da ta shiga ƙirjina ranar, ta inda wuƙar nan ta bi ta shiga.

Da aka kira la'asar ina iya shan ruwa. Baba ya janye hannunsa ya miƙe, kunya ta dawo masa gaba ɗaya. Ya riƙo ni ta gefen zane, ba ta hannu ba, ya kai ni ƙofar ɗaki, ya dubi gefe ya ce, "Iya, ga aro na maido."

Kaka tana zaune a bakin ƙofar, ƙyallen na cinyarta gida biyu. Tana ta haɗa bakin da aka yanka kamar zai koma. Ba ta ɗago ba.

"Su ma haka suka lafa," ta ce. "Dukansu biyu."

Baba ya koma ya durƙusa. Ba maƙaryaci ba ne. Fatake sun san shi, in fata na da huda shi zai nuna maka tun kafin ka gani.

"Iya, nasu ba fuka ba ce," ya ce. "Zazzaɓi ne da tari, irin wanda ya kwashe yara shekarar. Da kin ɗaure da ba ki ɗaure ba, kwana ya ƙare. Na gani da idona."

"Ka gani?"

"Na gani."

Lokacin da yaran nan suka rasu Baba yana garin Gamu wurin baffansa yana koyon jima, labari kawai ya ji. Ni ma na san wannan, domin Kaka ce ta sha gaya mini, ita ta raka shi har bakin gari ranar da zai tafi. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"To," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Tafi ka yi salla."

Ta ninke gidajen ƙyallen biyu ta sa a ƙasan tukunyar da take ajiye zannuwanta. Ban sake ganinsa ba sai bayan rasuwarta.

Washegari da safe Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce wa ƙanena, "Kai, gaya wa mutanen ɗakin can kada su bi ta masussuka." Yaron ya dube shi ya ci gaba da lasar ludayi. Har Baba ya koma ga Allah bai sake ce mini "ke" ba, kuma ban taɓa jin haushi ba. Na ranar nan ya ishe ni.

Fuka ba ta rabu da ni ba sai da na girma. Duk sanda ta taso, Kaka ce ke fita da ni bayan ɗaki, ta kifa turmi, ta zauna a bayana ta ɗora tafukanta a awazata yadda ta ga ɗanta ya yi. Baba kuma yana can bakin randa da moɗarsa. "Ture hannuna, 'yar damo," takan ce mini. Nakan ji yatsunta suna son su ja, tana hana su.